Yadda Ake Kula da Ɗinki da Rauni a Gida, Na Mutum da Na Dabba

Ɗinki aikin rabin awa ne a hannun likita, amma warkewar a gida ake yin ta, a hannun uwa ko mata ko ƙane, cikin ƙurar hunturu ko zafin bazara. A Garwa da Marwa da Kuseri har Njamena, yawancin ɗinkin da ke dawowa gida daga faɗuwa a moto, wato babur, yake, ko yankan wuƙa da lauje da langalanga, ko haihuwa ta tiyata. Abin da ya fi ɓata shi a wajenmu kuwa yawan hannu ne da yawan magani. Kowa ya zo dubiya sai ya ɗaga bandeji ya leƙa, kowa da abin da zai ce a shafa, garin neman gira a rasa ido. Raunin da aka ɗinke tsabta yake so, da bushewa, da hutu, da mutum ɗaya mai duba shi kullum wanda ya san lokacin komawa asibiti.

Kafin a kai ga likita

Idan jini na zuba, a ɗora tsabtataccen ƙyalle a danne da ƙarfi minti 10 zuwa 15 ba tare da ɗagawa don leƙe ba. In ƙyallen ya jiƙe, a ƙara wani a kansa, kada a cire na farko. Hannu ko ƙafa ne, a ɗaga shi sama da ƙirji. Jini ya tsaya, a kwarara ruwa mai tsabta da yawa har ƙasa da tsakuwa su fita, sannan a rufe a kama hanya. Wuƙa ko ƙarfe ko icen da ya nutse cikin jiki ba a zare shi a gida. A tallafe shi da tsumma ta gefe da gefe, a bar wa likita.

Kada a ce sai gobe. Yankan da ya buɗe baki, ko ana ganin kitse ko nama a ciki, ko yana kan gaɓa ko fuska, an fi son a ɗinke shi cikin awa 6 zuwa 8. Idan ya kwana, sau da yawa likita zai ƙi rufe shi don kada ya kulle ƙwayoyin cuta a ciki, sai a koma wanki na makonni.

Abin da za ka tambaya kafin ka bar asibiti

Mutane da yawa kunya take hana su tambaya, sai sun isa gida a fara gardama. Ka tsaya ka tambayi wanda ya yi ɗinkin: zaren nan mai narkewa ne ko na cirewa? Ɗinki nawa ne? Wace rana za a cire? Yaushe za a fara canza bandeji, a gida ko a nan? Ka roƙe shi ya rubuta amsar a karne, wato littafinka na asibiti, domin wanda za ka tarar ranar komawa ba lallai shi ba ne.

Sai maganar allurar sarƙe-haƙora, wadda a takardun asibiti za ka ga an rubuta VAT ko SAT. Ƙwayar wannan cuta a ƙasa take zaune da cikin kashin dabbobi, kuma gidajenmu da hanyoyinmu ba su rabuwa da su biyun. Idan raunin ya taɓa ƙasa ko tsatsa, kuma ka fi shekara 5 rabonka da allurar, ko ba ka ma san ko an taɓa yi maka ba, ka faɗa a yi maka a ranar. Cutar takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, ta fara da taurin muƙamuƙi da wuya, kuma in ta kama jinyarta mai tsada ce, kisa take yi.

Kwana biyun farko, da wankin rauni

Awa 24 zuwa 48 na farko kada ruwa ya taɓa wurin, kuma kada a buɗe bandejin asibiti sai in ya jiƙe sharkaf da jini ko ya ɓaci. A ɗora gaɓar kan matashi don kumburi ya sauka. Don zogi, babban mutum zai iya shan parasitamol miligiram 500 zuwa 1000 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, a tambayi likita. A guji asfirin domin yana ƙara zubar jini. Tramadol na bakin titi kuma ba shi da wuri a nan ko kaɗan.

Bayan nan sai wanki, in an ce a gida za a yi. A tanadi kompres, wato ƙyallen nan mai raga-raga da ake sayarwa a rufe a farmasi, da filasta, da sabulu, da Betadine mai ruwan ɗorawa, wato maganin shafa wa rauni, da ruwan gishiri. Ruwan gishirin ana sayensa, ana kuma iya haɗawa: a tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri giram 9, kusan ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, a rufe ya huce. Na yau ba ya kai gobe, kullum sabo ake yi.

A zaɓi wuri mai haske wanda iska ba ta kaɗo ƙura, ba tsakar gida lokacin shara ba. Mai wankin ya wanke hannu da sabulu har wuyan hannu, ya yanke farce. Ya ɓare tsohon bandeji a hankali; in ya manne, ya jiƙa shi da ruwan gishiri ya jira ya saki da kansa, domin fizga tana ɗauke sabon naman da ya fara tsirowa. Ya sake wanke hannu. Sannan ya tsaya ya duba sosai kafin ya taɓa komai: bakin raunin a haɗe yake? Zaren ya cika yadda aka faɗa? Me ya fito a jikin tsohon bandejin, kuma yana wari?

Sai ya jiƙa kompres da ruwan gishiri ya goge kan layin ɗinkin sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya jefar. Ya ɗauki wani ya goge gefe, yana fita waje. Ba a dawo da ƙyallen da ya taɓa fatar gefe kan ɗinki, kuma ba a dirzawa. Auduga ba ta dace ba, zarenta yana maƙalewa a ƙullin ɗinki. A tsane da busasshen kompres, a ɗan shafa Betadine in likita ya ce, a bari ya sha iska, a rufe da sabon kompres, a kama da filasta. Kada a ɗaure tamau; in yatsu suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko suka mutu, an matse da yawa, a sassauta. Tsohon bandeji a ƙone shi ko a jefa a masai, kada yara ko awaki su same shi.

Sau ɗaya a rana ya isa, wani raunin ma sau ɗaya a kwana biyu. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Marwa da Njamena, gumi na jiƙa bandeji kafin azahar, kuma jiƙaƙƙen bandeji ya fi rashinsa illa. Da ya jiƙe a canza. Da damina ƙudaje ne abin tsoro, don haka a rufe wurin da kyau, a kwana cikin gidan sauro. Zane ko rigar da za ta taɓa wurin a shanya ta a igiya, a goge da dutsen guga mai zafi. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a tufafin da aka shanya a ƙasa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna. Guga tana kashe ƙwan.

Wanka kuwa, bayan kwana biyu yawanci ana iya yi a tsaye, ruwa ya bi ta kai a tsane nan da nan a sa sabon bandeji. Jiƙa wurin cikin baho, ko shiga Binuwai ko Logon ko kududdufi, sai an cire zare fata ta rufe. Mai alwala ya shafa hannu a kan bandeji, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin halaccin wannan, haka ma taimama ga wanda ruwa zai cutar. Wanda ɗinkinsa ke gwiwa ko ciki ya yi sallarsa a zaune.

Abin da ba a sa wa rauni

Toka, ƙasa, kashin shanu, baƙin mai, ruwan batir, man goge baki, garin taba, tauna ganye a liƙa: duk a nisanta su. Ƙasa da kashin dabba hanyar sarƙe-haƙora ce kai tsaye. Fasa kafso a barbaɗa garinsa ya zama ruwan dare, kuma na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma garin yana dunƙulewa ya yi ɓawo a sama mugunya na taruwa a ƙasa, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Alkol da ruwan wanke rauni mai kumfa (eau oxygénée) suna ƙona sabon nama in ana zuba su kullum. Man kaɗanya yana da ranarsa, amma sai fata ta rufe ruf. Idan likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye shi har ƙarshe. Idan bai rubuta ba, kada a saya, domin ɗinki mai tsabta yawanci ba ya buƙatarsa.

Yadda ake gane ciwo ya juya

Nan ne ya kamata a fi sa ido. Ɗan kumburi, ɗan ɗumi, da ruwa garai-garai ko mai ɗan jini a kwana biyu ko ukun farko, duk aikin jiki ne. Ƙaiƙayi daga baya ma alamar warkewa ce, sai dai kada a sosa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne zafi: raunin da ke warkewa kullum zafinsa raguwa yake yi. In a rana ta uku ko ta huɗu ya fi jiya zogi, yana bugawa har ya hana barci, akwai magana.

Takardun magani suna cewa a duba ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za ka gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri. Ka sa bayan hannunka a gefensa, sannan ka sa a daidai wurin a ɗaya ɓangaren jikin, ka ji bambancin zafi. Ka zagaye iyakar kumburin da biro. Gobe in ya tsallake layin, yaɗuwa yake yi. Mugunya, wari, kaluluwa a matsematsi ko hammata, ɗinki ya ɓalle baki ya buɗe, zazzaɓin da ya kai digiri 38: kowanne daga cikinsu ya isa a koma asibiti a ranar. Kada a matse, kada a tsaga.

Zazzaɓi yana yaudarar mu, domin duk zafin jiki a nan sunansa zazzaɓin sauro, sai a sayi magani a sha kwana uku rauni na ruɓewa. Mai ɗinki in ya yi zazzaɓi, a yi gwajin jini, kuma a buɗe raunin likita ya gani, ko da gwajin ya nuna na sauro ne, don su biyun suna haɗuwa. Idan kuwa ya fara ruɗewa, ko numfashi sama-sama, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko da tsakar dare ne a fita da shi. Mai ciwon sukari, da mai sikila, da tsoho, nasu raunin ya fi saurin juyawa ya zama gyambo. Musamman mai sukari da rauni a ƙafa, wanda sau da yawa ba ya ma jin zafin, shi kam asibiti ne ya kamata ya riƙa yi masa wanki.

Mai jego

'Yar'uwa, idan tiyata aka yi miki, wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye da gasa ciki ba naki ba ne yanzu. Fatar gefen yankan takan mutu na ɗan lokaci, za ki iya ƙonewa ba ki ji ba, danna tsumma mai zafi kuma yana iya buɗe ɗinki. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki tsane ƙasan mara da kyau inda fata ke ninkewa, ki ɗaura zane sama da layin. Za ki yi tari ko atishawa, ki tallafe wurin da matashi. Ki riƙa ɗan takawa a tsakar gida tun da wuri, amma daka, da jan ruwa a rijiya, da ɗaukar abin da ya fi jaririnki nauyi, sai bayan mako 6. Inna da gwaggo masu zaman jego, wannan nauyin a wuyanku yake: ku karɓe mata aikin, ku kuma bar ta ta bi maganar asibiti.

Wadda aka ƙara ko ta ƙaru wajen haihuwa, yawanci zarenta mai narkewa ne. Ta riƙa tsarki da ruwa mai tsabta daga gaba zuwa baya, ta yawaita canza ƙunzugu, ta sha ruwa da kayan lambu don kada bayan gida ya yi tauri. Jini mai wari, ko zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, asibiti ba jira.

Abinci, cire zare, da tabo

Wasu gidaje suna hana mai rauni ƙwai ko gyaɗa, wai suna sa ciwo ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, jiki kuwa da irin waɗannan abinci yake gina sabon nama. A ba shi wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, nama, nono, miyar zogale da kuka, da gwaiba ko mangwaro ko lemo gwargwadon hali. Mai shan taba ya ajiye ta, tana rage jinin da ke isa fata.

Ranar cire zare ta danganta da wurin: fuska kwana 5 ko kusa da haka, fatar kai da hannu 7 zuwa 10, ciki da baya da ƙafa 10 zuwa 14, kan gaɓa da tafin ƙafa mako biyu ko fiye. Abin da likitanka ya rubuta shi ne a gaba. Aikin minti kaɗan ne kuma ba shi da zafi sosai, don haka kada a sa reza a gida. In aka ja ɓangaren zaren da ke waje ta cikin nama, an shigar da datti, in aka bar guntu a ciki kuma ya yi ƙurji. Barin zare ya wuce lokacinsa shi ma yana barin tabo mai huda-huda.

An cire zare ba a gama ba. Sabon tabo kamar ginin ƙasa ne da bai gama bushewa ba: a mako na uku ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lafiyayyar fata ba, kuma sai ya yi wata uku yake kaiwa kusan kashi 80 cikin 100. Mai moto da ɗan dako da manomi su koma aiki a hankali. Yanzu ne lokacin man kaɗanya ko basilin, ana murzawa a hankali, ana kare wurin daga rana. Wanda tabonsa kan yi tudu ya wuce iyakar raunin, abin da ya yawaita a baƙar fata, ya faɗa wa likita da wuri, kada ya bari a yanke masa a gida, dawowa yake yi ya fi da.

Cizon kare ko kyanwa

Wannan hukuncinsa daban. A wanke da sabulu ana kwarara ruwa minti 15 cur, a sa Betadine, a tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare, ko da yaƙushi ne. Yawanci ba a ɗinke cizo nan take, kada ka ga kamar an yi maka sakaci. Allurar ana yin ta a ranaku daban-daban, a cika su duka. Karen kuwa, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 zuwa 15, amma ba a jiran sakamakon kafin a fara allura. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba a tsira. A Garwa akwai reshen cibiyar binciken cututtuka ta Centre Pasteur da za a iya tambaya, a Njamena kuma cibiyar binciken kiwo ta IRED da ke unguwar Farcha ce ke gwajin cutar a dabbobi.

Dabbobin gida

Kare mai gadi, kyanwa, ragon layya, jakin amalanke, dokin hawan sallah: ƙa'idar wanki ɗaya ce da ta mutum, sai dai dabba mai ciwo tana cizo tana harbi, ko da ubangijinta ne. A samu mai riƙewa, a ɗaure bakin kare da tsumma mai laushi, a tsaya ta gefen doki ko jaki. A aske gashin da ke kewaye, a kwarara ruwan gishiri, a tsane. Rauni mai zurfi a kai wa likitan dabbobi. A Kamaru ofisoshin MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo, suna nan a garuruwa, su za su ɗinke su faɗi ranar cirewa, yawanci kwana 10 zuwa 14.

Babban abokin gabar ɗinkin kare da kyanwa harshensu ne. Ana cewa lasa tana warkarwa, alhali kare na iya tsinke ɗinki duka cikin dare ɗaya. A yanka kwali mai kauri ko tsohon bokitin roba a yi masa mazurari a wuya, ya ɗan wuce tsinin hanci, a bar sararin yatsu biyu don kada ya shaƙe. Ya zauna da shi dare da rana har a cire zare. In ɗinkin a ciki yake, tsohuwar riga ma tana rufewa. A tsare shi a inuwa, wuri busasshe, ba gudu ba tsalle, ba wanka.

Maganin mutum ba na dabba ba ne. Parasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, ibuprofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare da kyanwa. Maganin kaska na shanu mai amitraz guba ne ga doki da jaki. Baƙin mai da fetur da ake zuba wa mikin dabba suna ƙona nama, dabbar kuma ta lashe.

Ga tumaki da awaki da shanu, ƙuda ne masifa, musamman da damina. Kwana ɗaya ya isa ya yi ƙwai, tsutsa ta fara cin nama. A duba miki safe da yamma, a share turke, a sa maganin feshin nan mai launin shuɗi da masu maganin dabbobi ke sayarwa. In tsutsa ta riga ta shiga, a tsince ta da hantsaki, a wanke ramin sosai, a kira likita ya ba da maganin da zai kashe wadda ta nutse. Doki da jaki sarƙe-haƙora tana saurin kama su, don haka ƙusa a kofato ko rauni mai zurfi yana buƙatar allura a ranar. Jakin da sirdi ko igiyar amalanke ta ci wa baya hutu yake buƙata har fata ta rufe, sannan a gyara abin da ya goge shi, in ba haka ba mikin nan zai dawo a wuri ɗaya.

Dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, sai ka karanta ta. Rago ya daina tuƙa, kare ya ƙi abinci ya ɓuya, doki ya sandare wutsiya a ɗage, wurin ya kumbura yana wari: a nemi likita. Idan an yi wa saniya ko akuya ko rago allurar kashe ƙwayoyin cuta, a tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a yanka, a rubuta ranar a bango. Wasu alluran masu daɗewa a jiki sai an jira mako uku zuwa huɗu kafin naman ya dace da ci, saboda haka mai kiwon ragon layya ya lissafa da kwanakin da suka rage kafin sallah tun kafin a tsira allurar.